Billen Bibata

Har gobe ba zan manta da ranar da Hamani ya shigo biro ɗinmu, wato ofishinmu, rungume da allon katako ba. Ya naɗe shi cikin zanen mace, ya manna shi a ƙirji kamar mai ɗauke da jariri. Ku da kuka zo aikin nan bayana kun sha ganin ina yin shiru duk lokacin da aka ɗauko wuƙar soke allo. Yau zan gaya muku dalili.

Lokacin ina sakatariya a sashen zane-zane na cibiyarmu ta al'adu, ƙarƙashin Malam Sale, wanda kowa ke kira Darakta. A shekarar wasu masu taimako daga waje suka kawo tallafi domin matasa masu zanen bugu. Ga wanda bai sani ba, zanen bugu shi ne mutum ya sassaƙa hoto a jikin katako, ya shafa masa tawada, ya ɗora takarda ya danna, hoton ya fito a jikin takardar. Allo ɗaya yana iya haifar da hotuna da yawa. Wanda ya ci tallafin za a ba shi injin dannawa, da ɗakin aiki, da abin riƙe kansa har shekara. Aikina shi ne in karɓi dosiye, wato fayil ɗin takardun mai nema, in duba cikarsa, in buga hatimi.

Amma akwai sharaɗi. Mai nema zai kawo hotunan da ya buga tare da allon da suka fito daga jikinsa, sannan a gabana ya ja wuƙa daga kusurwa zuwa kusurwa, ya soke hoton da ke kan allon. Wannan tsohuwar al'ada ce ta masu sana'ar, domin wanda ya sayi hoto ya tabbata ba za a koma a buga wasu a bayan idonsa ba. Sai na ga an soke nake buga hatimi. Yara da yawa sun yi hakan a kan teburina suna dariya.

Hamani Bazabarme ne daga Harobanda, unguwar ƙetaren kogi a nan Yamai, dogo, mai sanyin murya, yatsunsa duk sun rine da tawada. A wurin wani kafinta ya tashi, a can hannunsa ya saba da katako. Ba shi da inji, da bayan cokali yake goga takarda har hoto ya fito. Da na ga girman abin da ya rungumo sai na tsokane shi, na ce ko ƙofar gidansu ya ciro ya kawo mana. Ya yi murmushi ya ce, da Hausarsa mai ƙamshin Zabarmanci, "Tanti, na ɗauka kuɗinsa za ki fara tambaya. Ai ku Hausawa ko gawa kuka gani sai kun taya."

Ya shimfiɗa ayyukansa. Akwai jiragen masunta, akwai masu ban ruwa a lambunan Gamkalley. Suna da kyau, amma irin kyan da ido ya saba da shi. Sai ya fito da na ƙarshe. Fuskar wata mace ce, ta ɗan karkata kai, kallabinta ya zame baya, murmushi ya taso mata bai gama isowa leɓe ba, ga bille guda a kumatunta. Ni mai karatun littattafan soyayya ce, ina sayo su a kasuwar Lazaret in ɓoye a ƙarƙashin dosiyoyi, kuma na karanta siffar mata kyawawa ba iyaka. Amma ban taɓa ganin so a rubuce kamar yadda na gan shi a wannan takarda ba.

Darakta ya fito ya tsaya a kanta ya daɗe. Ya ce wa Hamani kada ya wahalar da kansa da sauran, wannan ce kaɗai za ta iya tsayawa gaban alƙalan gasar. Daga nan na karanta masa sharaɗin sokewa. Ina cikin karatu na ga hannunsa ya koma kan ƙullin zanen ya danne, kamar an ce za a ƙwace. Ya tattara kayansa ya yi sallama.

Bayan 'yan kwanaki ya dawo da rana tsaka, Darakta ya tafi cin abinci. Na ba shi ruwa, ya zauna, ya ba ni labari. Matar sunanta Bibata, matarsa ce. Ta rasu wajen haihuwar ɗiyarsu Zali. Hotunanta duka suna cikin wayarsa, wayar kuwa ta tafi a daminar da kogi ya shigo musu gida. A kwanakin zaman makoki ya sassaƙa allon, lokacin fuskarta tana nan ɗanya a idonsa. Ya ce bai yi shi don bugawa ba, don kansa ya yi, shi ya sa ya sassaƙa ta daidai yadda take, billenta a kuncin hagu.

Ya kwance zanen, ya ajiye allon kusa da takardar, ya ce in duba. A nan na ga abin da ban lura da shi ba. Bugu yana juya hoto, hagu ya koma dama. A jikin katako billen yana hagu, a jikin takarda ya koma dama. Ya ce ranar da ya fara bugawa ya kai wa surukarsa, tsohuwar ta duba ta ce wannan wata ce mai kama da ɗiyarta. Da ya miƙa mata allon sai ta fashe da kuka.

Na ce to ya sassaƙa wani mana, ya ajiye wannan. Ya girgiza kai. Ya ce ya gwada har katakon da yake da shi ya ƙare, kullum wata baƙuwa ke fitowa.

"Tanti, ta fara ɓace mini," in ji shi. "In na rufe ido yanzu, allon nake gani, ba ita ba."

Ya ce Zali ta shiga shekara ta huɗu, kuma kowace safiya sai ta shafa allon da yatsa ta gaishe da uwarta. Aikin kafinta ya mutu a hannun maigidansa. Wani ɗan'uwansa ya samo masa aikin dako a tashar jiragen ruwa ta Kwatano, kuma in tallafin nan bai samu ba, tafiya zai yi ya bar yarinyar wajen kakarta, wadda idonta ya fara rauni.

Da Darakta ya dawo na shiga ofishinsa na roƙe shi. Malam Sale mutum ne mai tsare doka, amma ba mai busasshiyar zuciya ba. Ya cire tabarau ya saurare ni har ƙarshe. Na ce ko a yarda ya yanki gefen allon kawai. Ya ce zai tambaya, kuma ya tambaya, ya rubuta wa masu tallafin da hannunsa. Amsa ta dawo cikin ladabi: sun tausaya, amma abin da aka yi wa kowa shi za a yi wa kowa, dole layin ya ratsa hoton. Darakta ya ce mini, "Rabi, in na buga hatimi a kan ƙarya, gobe duk yaran ƙasar nan za a rufe wa ƙofa."

Ranar rufe karɓar dosiye Hamani ya zo bayan la'asar. Ya ajiye allon a teburina, ya karɓi wuƙa, ya tsaya. Ni kuma idona ya faɗa kan jakata, inda ɗan madubin kwalliyata yake. Na ciro shi, na ɗaga takardar da ya buga a gaban madubin, na ce ya leƙa. A cikin madubi hoton ya sake juyawa, billen ya koma gidansa na hagu. Ya daɗe yana kallo har na ji hannuna ya gaji.

"Ita ce," ya ce a hankali. "Sai dai madubi ba ya shafuwa."

Na ce masa ba dole, yana iya ɗaukar allonsa ya tafi, babu mai ganin laifinsa. Ya ce ya kwana yana wannan tunani, kuma da Bibata na nan da ta ce gara yarinya ta rasa katako da ta rasa uba. Ya yi bisimilla, ya ɗora wuƙar a kusurwa, ya ja. Katakon ya yi wata 'yar ƙara da har yau nake ji. Layin ya bi ta kan kallabi, ya ratsa tsakanin idanu, ya fita ta ƙasan billen. Na buga hatimi, hawayena ya ɗiga a gefensa, har yau tabon yana cikin dosiyen.

Hamani ya ci tallafin. Alƙalai ba su yi doguwar gardama a kansa ba. Doka ta ce a mayar wa kowa allonsa bayan hukunci, sai na ce ni zan kai nasa tare da albishir. Na hau taksi na haye gada, rana tana faɗawa cikin kogi, ruwan ya yi ja kamar lalle, zuciyata rabi farin ciki rabi tsoro.

Na same shi a tsakar gida tare da surukarsa. Da ya ji labari ya durƙusa ya yi godiya ga Allah, tsohuwa tana ta sa mini albarka. Muna cikin haka Zali ta fito daga ɗaki, ta hango zanen da ta sani a hannuna, ta sheƙo da gudu. Kafin wani ya tare ta har ta kwance ƙullin. Ta ɗora ɗan yatsanta a goshin uwarta yadda ta saba, ta gangaro, yatsan ya faɗa cikin ramin wuƙar ya tsaya. Ta bi shi har ƙarshe. Sannan ta ɗago kai ta yi tambaya da Zabarmanci, kuma zamana a Yamai ya isa in gane.

"Baba, wa ya ji wa Inna ciwo?"

Tsohuwa ta buɗe baki za ta ce faɗuwa allon ya yi. Hamani ya riga ta.

"Ni ne, uwata."

Yarinyar ta dube shi, ta dubi allon. Ba ta yi kuka ba. Ta sunkuya ta hura wa ciwon iska, yadda ake yi mata in ta faɗi, sannan ta mayar da zanen ta lulluɓe. Na ajiye madubina a kan tabarma na fito.

Hamani bai je Kwatano ba. Yana nan, kun san ɗakin aikinsa, wasunku ma shi ya koya musu riƙon wuƙa. Yana buga jirage da lambuna da tsuntsayen kogi, ana saye. Amma ban sake ganin ya sassaƙa fuskar mutum ba.

Dokar sokewa tana nan, kuma ba na ce muku ku karya ta ba, da ita sana'ar take riƙe mutuncinta. Abin da na koya shi ne, masu wannan aiki ba daga kasuwa suke samo abin da suke ajiyewa a teburinmu ba, daga jikinsu suke yankowa. Don haka in yaro ya shigo da allo, kafin ku miƙa masa wuƙa ku ba shi kujera da ruwa, ku tambaye shi wane ne a jikin katakon. In ya yi shiru, ku ma ku yi shiru. Hatimi yana iya jira.