Tseren Baban Ilham a Stratford Road

Muna ta zagaye Stratford Road neman parking, za mu sunan ƙanwar mijina a Sparkhill, tuwo na hucewa a but ɗin mota, amma shi Baban Ilham ko a jikinsa. Lacca yake yi.

Tun daga Manchester mijin nan nawa yake ba mu ni da mahaifiyarsa Hajiya tarihin wani tseren motoci na awa ashirin da huɗu. Wai da motocin gida aka fara shi, don a ga wadda za ta jure, daga baya kamfanoni suka shigo da injiniyoyinsu. Ni na san inda ya dosa. So yake mu daina raina akwalar motarsa da ya ƙi canzawa tunda gwamnati ta tsuke bakin aljihu. Ga council, wato hukumar gari, ta ƙara kuɗin parking, ya rantse ba zai biya ba.

Hajiya ta ce, "To ina suke zuwa a tseren?"

"Ba inda za su, Hajiya, zagaye kawai suke."

"Ashe kai ma kana ciki. Mai kayan miyan can har ya fara ɗaga mana hannu. Su masu tseren ba sa gajiya?"

"Ai canjin direba suke yi."

"To su masu hankali ne. Sauka ka ba matarka."

Mutumin da bai taɓa yarda na tuƙa shi a gaban dangi ba! Na karɓa, na shige wurin biya, aka wuce wurin.

Har yau cewa yake shi ya yi tseren. Ku raba mana gardama: ba wanda ya kai mota ƙarshe ke ɗaga kofi ba?