Ragon da Ya Haɗiye Leda

Sana'ata bayan noma ita ce kiwon raguna. Ba garke gare ni ba. Bayan kaka nake sayen biyu, wani lokacin uku, in ɗaure su a turke a bayan ɗaki, in yi ta ba su harawa da dusa da kowar wake har Babbar Sallah ta matso, sannan in tashi daga ƙauyenmu da ke ƙasar Sule Tankarkar in kai su kara a Maigatari ranar Alhamis. Abin da na samu shi ne takin gona, shi ne kuma ragunan baɗi. Shekarar da nake ba da labari abincin dabbobi ya yi tsada, don haka guda ɗaya na ɗaure, farin balami.

Wata uku kafin Sallah, na dawo daga sallar la'asar na tarar da shi yana tauna wani abu baƙi. Leda ce ta kayan miya, iska ta kai masa. Na yi wuf na kama bakinta na ja, ɗan guntu ya biyo hannuna, sauran ta wuce ciki. Shi ko a jikinsa, ya juya ya ci gaba da cin harawa.

Sati uku na yi ina bin kashinsa da tsinke. Ban ga ta fito ba. Na kira malamin dabbobi daga Gumel, ya matsa cikin nan, ya matsa can, ya ce ba mai iya sani sai an yanka, kuma dabbobi da yawa suna yawo da ita har su tsufa. Na tambayi limaminmu ko layya ta halatta da shi. Ya ce tunda yana ci yana ƙiba, ta halatta, sai dai faɗin aibin dabba yana wuyan mai sayarwa. Tambaya ɗaya na je da ita, na dawo da nauyi biyu.

A da ba na shan wannan wahalar, domin akwai wani tsohon dillali da nake ba wa igiya. Abin da ya haɗa mu shi ne ba ya rantsuwa. In mai saye ya tambayi lafiyar dabba, sai ya ce, "Ga ta, ga hannunka." Mai saye ya shafa gadon baya, ya ɗaga bindi, ya buɗe baki ya duba haƙora, ni kuma in faɗi abin da na sani, a yi ciniki a rabu. To, ya rasu cikin azumin wannan shekarar. Da na kai balamin kara, saura sati uku Sallah, wani dillalin ne ya karɓi igiyar. Na ja shi gefe na gaya masa zancen leda.

Ya ce, "Malam, wane rago ne a ƙasar nan bai ci leda ba? Ni kaina ban tabbata ban ci ba."

Ba a jima ba wani mai saye ya tsaya. Da kunnena na ji dillalin yana cewa wallahi tallahi wannan ragon ko tari bai taɓa yi ba. Alhali ya yi tari sau biyu lokacin sanyi, ina wurin. Na karɓe igiyata, na biya motar da ta kawo mu ta mayar da mu.

Ranar Juma'a ƙanwata ta zo gaishe mu. Ita ce autarmu, tana aure a Gumel, tana sayar da atamfa da mayafai da turare ta waya, ko ƙofar gida ba ta leƙawa. Babbar wayar da ke hannuna ma tsohuwar tata ce ta ba ni, karatun malamai kawai nake ji da ita. Da ta ji abin da ya faru a kara sai ta riƙe haɓa.

"Yaya, wai har yau kai sai ka ja rago zuwa kasuwa? Mutane suna sayar da mota daga kan katifa. Kawo wayar nan."

Ta buɗe mini shafi a dandalin sada zumunta. Ta tambaye ni sunan kamfanina. Na ce ba ni da kamfani, rago ɗaya ne. Ta ce ba a faɗin haka, ta rubuta wani suna mai ɗauke da kalmar gona. Ta sa aka wanke ragon da sabulu, aka goge ƙahonsa da man gyaɗa. Ta ce in riƙe igiya in matsa can baya. Ita kuma ta durƙusa har mayafinta yana jan ƙasa, ta ɗauki hoto daga ƙasa.

Da ta nuna mini, na ga wata dabba mai girman ɗan maraƙi, ni kuma a bayanta kamar an jingine tsintsiya.

Na ce, "Auta, wannan ba ragona ba ne."

"Naka ne mana. Ga ka nan a bayansa."

"Bai kai haka ba."

"Yaya, ni na ƙara masa nama? Haka kowa yake ɗauka. Waya ce."

A ƙasan hoton ta rubuta: balami lafiyayye, ƙosasshe, sai wanda ya gani. Ta sa lambata, ta ɗora, ta kuma tura wa guruf ɗin matan da ke sayen kayanta, don su nuna wa mazajensu. Ta ci tuwo, ta hau mota ta koma Gumel.

Na zauna a gindin darbejiyar ƙofar gida da wayar a hannu. A kara, mai saye yana da hannunsa da idonsa, in ya yi kuskure rabin laifin nasa ne. A waya ba shi da komai sai abin da aka nuna masa da abin da aka faɗa masa. Duk wanda ya sayi ragon nan daga nesa, maganata ya saya. Ga shi kuma maganar ba ni na yi ta ba, amma lambata ce a ƙasa.

A firamare na tsaya, rubutuna yana da nawa, amma ina yi. Na ɗauki lokaci daga la'asar har rana ta yi ja ina danna haruffa, na rubuta a ƙarƙashin hoton:

"Salamu alaikum. Ni ne mai ragon. Bai kai yadda ya fito a hoto ba, durƙusawa aka yi aka ɗauka. Ba ni da gonar dabbobi, shi kaɗai ne. Kunnensa na hagu yana da 'yar tsaga, ba ta kai sulusi ba, na gwada da zare. Yana tunkuyi. Ya yi tari sau biyu lokacin sanyi. Kuma ya haɗiye baƙar leda guda ɗaya, ban ga ta fito ba."

Washegari da hantsi wayar ta fara ƙara ba ƙaƙƙautawa. Ban san akwai mutane da yawa haka da ba su da aikin yi da safe ba. Da yawansu da sallama suke farawa, amsa sallama kuwa wajibi ne, don haka na bi su ɗaya bayan ɗaya ina amsawa. Sau biyu data tana ƙarewa ina zuwa shago. Wani ya rubuta, "Baba, ledar a cikin kuɗin take ko daban za a biya?" Na amsa masa cewa a ciki take. Wani ya ce in an yanka a ajiye masa ita zai zuba kayan ciki. Wata ta ce Allah ya ƙaro irina, ta sa hoton fuska mai hawaye, ban gane ko kuka take ko dariya ba. Masu cewa "nawa ne?" sun fi kowa yawa, in na faɗa sai su ɓace kamar an kira su gida. Wani ya nemi sabon hoto a tsaye. Maiɗakina ta ɗauka, ragon ya fito daidai girmansa, ni na fito ba kai. Na ɗora haka.

Da azahar Auta ta kira. Ko gaisuwa ba ta ƙarasa ba.

"Yaya, me na yi maka?"

"Lafiya?"

"Ina lafiya! Matan guruf ɗina tun safe tambayata suke ko atamfata ma ta ci leda. Talla ake yi, Yaya, ba amsa laifi gaban alƙali ba. Wa ya tambaye ka tari? Don Allah ka goge."

"In na goge, ledar za ta fita daga cikinsa?"

"To ka bari sai mutum ya kira, ka gaya masa a hankali."

"In na manta fa? In ya turo mota kawai?"

Ta ce Allah ya jiƙan Innarmu, ta sha fama da ni, ta kashe wayar.

Kwana goma aka yi ana tura hoton ragona gari gari. An ce har cikin Nijar ya kai. An sa masa suna ragon leda. A masallaci wani ya tambaye ni ya mai jiki. Amma ko mutum ɗaya bai taya ba. Harawar da ke kan rumfa ta koma 'yan dammai, damina ga ta a bakin ƙofa, ba taki. In Sallah ta wuce yana turke, farashinsa zai faɗi, kuma ban san abin da zan ba shi ba. Maiɗakina ta ce, "Malam, Alhamis ɗaya ta rage. Ka kai shi kara, ka ba dillali igiya, ka je ka sha fura can nesa inda ba za ka ji rantsuwar ba." Na yi tunanin haka sosai. Na ga in ban ji ba ma, na san an yi.

Ranar Talata da safe wani dattijo ya kira daga Gagarawa. Ya ce shi tsohon hedimasta ne, ƙafa ta hana shi shiga kara, 'yarsa ce ta nuna masa hoton. Bara ma ta waya ya sayi rago, a hoto kamar bijimin sa, da aka sauke shi daga mota sai da jikokinsa suka tambaya ina uwarsa.

Ya ce, "Na karanta bayaninka sau biyu. Bayan abin da ka lissafa, akwai saura?"

Na yi tunani. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba ya son dusa in ta kwana. Kuma yana kuka da asuba."

"Ni ma haka. To mu yi magana."

Ya taya, na ce albarka. Ya ƙara, na ce albarka. Ya sake ƙarawa, na ga ya zo inda ya kamata. Kafin in sallama na ce, "Alhaji, ka dai ji zancen ledar?"

"Na ji."

"Tana ciki fa. Ban ga ta fito ba."

"Malam, na ji. Leda ɗaya, baƙa. Sallama mini."

Ni da kaina na kai shi Gagarawa a bayan motar haya, don kada direba ya faɗi abin da ban ce ba. Na tarar da dattijon a kan tabarma a zaure, da sanda a gefensa. Ya shafa gadon bayan ragon, ya duba kunnen hagu, ya ce tsagar ma ba ta kai yadda na rubuta ba. Na ce na fi so in ƙara da in rage. Da zan tafi na roƙe shi alfarma ɗaya: in an yanka, a duba tumbin a gaya mini. Ya dube ni ta saman tabarau ya ce za a duba.

Ranar Sallah na dawo daga Idi, na ci abinci ban ji ɗanɗanonsa ba. Na daure har aka yi azahar, sannan na kira. Ina jin hayaniyar mata da ƙarar gatari a kan ƙashi.

"Alhaji, barka da Sallah. An duba?"

"Barkanmu dai, Malam. An duba. Uku ne."

"Uku me?"

"Baƙar da ka faɗa, da ledar ruwa guda, da wata 'yar igiyar buhu duk sun dunƙule wuri ɗaya."

Na nemi wuri na zauna. Na ce, "Ɗaya na gaya maka."

"Ɗaya ka gani."

"Amma a kan ɗaya muka yi ciniki. Ka faɗi abin da zan mayar maka."

"Malam, kitse ya rufe ƙodar ragon nan, mai fiɗa sai da ya kira maƙwabta su gani. Me za ka mayar? Na yafe."

"Duniya da lahira?"

"Duniya da lahira. Hanta tana kan wuta, sai an jima."

Na ji sanyi a raina na ɗan lokaci. Sannan na tuna ba shi kaɗai na gaya wa ba. Duk waɗanda suka karanta bayanina, daga nan har Nijar, ɗaya na ce musu, kuma rubutun yana nan da lambata. Na ɗauki wayar na rubuta gyara a ƙasan hoton: an yanka ragon a Gagarawa, an samu leda biyu da igiya ɗaya, ba ɗaya ba kamar yadda na faɗa, wanda ya saya ya yafe, ina neman afuwar sauran. Kafin la'asar data ta ƙare.

Kwana biyu bayan haka na je Gumel gaisuwar Sallah. Auta ta kawo mini soyayyen nama da zoɓo mai sanyi, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Sannan ta ce in kawo wayar za ta gyara mini wani abu. Ta shiga ɗaki da ita. Da ta fito ta miƙo mini, karatun malamai yana nan, shafin babu.

"Na rufe kamfanin, Yaya. Baɗi in ka ɗaure rago, ni zan nemo mai saye, kai kuma ka gaya masa duk abin da ka ga dama, baki da baki, a zaure."

Na ce to, amma gyaran da na rubuta kwana biyu kawai ya yi, akwai waɗanda suka karanta na farko ba su ga na biyu ba. Na roƙe ta ko matan guruf ɗinta ta sanar da su cewa uku ne.

Ta dube ni, ta tura mini kwanon naman gabana, ta ce za ta faɗa. Har yau ban sani ba ko ta faɗa.