Na Kai Sirrin Cikinta Gaban Taron Addu'a

Duk masu cewa na tsaya kan bangaskiya sun yi kuskure, bakina ne kawai ya yi sauri. Ni 'yar Katolika ce daga kudancin Kaduna. Da na gama sakandare na shiga ƙungiyar matasan coci, lokacin zaɓe muka bi gida-gida muna tallan wani ɗan takara don ya rantse ba zai yarda da zubar da ciki ba. Ban taɓa tambayarsa me zai yi wa mace mai ciki da ba ta da kowa ba. Da wannan kan na zo Jidda aikin gida a unguwar Abhur.

Nan ba coci, sai dai ranar Juma'a mu kaɗan mu taru a ɗakin wani direba mu ja carbi ƙasa-ƙasa, kowa ya faɗi abin da yake so a roƙa masa. A nan na san wata 'yar garinmu mai aiki a gidan maƙwabta. Wata rana ta tare ni wajen zubar da shara, ta ce tana da ciki wata biyu, na ƙanen kafilinta ne, wato maigidan da ya kawo ta aiki, kuma ba da son ranta ba. Ta ce an faɗa mata akwai wata mata a unguwar Balad mai ba da magani, in raka ta, in kuma ba zan iya ba in dai zauna da ita. Na ce mata kisan kai ne, shi ke nan, ta daina ɓata min lokaci.

Juma'ar nan na miƙe na ce a yi wa wata 'yar'uwa addu'a, Shaiɗan na son ta kashe ɗan cikinta. Ban faɗi suna ba, amma mu mata huɗu ne, ita kaɗai ce ba ta zo ba. Kafin Litinin direbobi sun kai maganar gidan da take aiki. Kafilin ya riƙe fasfonta, ya kore ta, ya kai ƙara wai ta gudu.

Cikinmu masu addu'a ba wanda ya buɗe mata ƙofa, kowa na tsoron rasa iƙamarsa, wato takardar izinin zama, har da ni. Wata tsohuwa Musulma haifaffiyar unguwar Ruwais ce ta ɗauke ta. Da na je, tsohuwar ta dube ni ta ce ashe ni ce malamar, to in ajiye wa'azin a bakin ƙofa in zo in wanke zannuwa. Cikin ya riga ya zube. Ko magani ta sha, ko wahala ce, ban sani ba, ba ni da bakin tambaya. Bayan wata guda aka kama 'yar garin namu aka mayar da ita ƙasarmu.

Har gobe ban yarda da zubar da ciki ba. Amma na ce ina kare rai, ga shi ba jariri, ga ta ba aiki, wanda ya yi mata cikin kuwa yana ta yawonsa a mota. 'Yan'uwa, in mace ta kawo muku irin wannan, ku fara tambayarta inda za ta kwana, kuma kada ku mai da sirrinta roƙon addu'a.

Juma'a mai zuwa zan miƙe a taron addu'a in gaya musu ni na tona mata asiri. Sannan zan ci gaba da kiran lambarta duk mako har ranar da za ta ɗauka.