"Da Sauƙi" Ta Kusa Kashe Yayana

Ana sallame sallar asuba muka bar Azare mu uku: ni, da yayana mai ciwon zuciya, da matarsa. Kada ku ɗauka don an ga hankalina aka tafi da ni. A gidanmu ni kaɗai na leƙa sakandare, na kuwa tsaya a aji biyu, shi ya sa duk inda za a yi Turanci ni ake turawa gaba, in an dawo gida kuma a manta da ni.

Shekara biyu ke nan likitan garinmu yana cewa wata ƙofa a cikin zuciyar Yaya ta tsuke, jini ba ya wucewa yadda ya kamata. Bana ya ba mu takarda zuwa wani babban asibiti can gaba da Kano, inda likitocin zuciya suka zo daga waje za su yi mako biyu suna aiki. Mutane kaɗan za su ɗauka. Wanda bai shiga ba sai baɗi, in yana da rai.

A tasha direba ya ce kuɗin mota ya ƙaru saboda mai ya tashi. Tun ina saurayi nake jin mai ya tashi, ban taɓa jin ranar da ya sauka ba. Ya cusa mu huɗu a baya, muka sa Yaya a gaba don ya samu iska. Damina ta zauna, gero ya yi kyau hagu da dama, kogin Jama'are ya cika har yana lasar ƙafar gada. Daga Kiyawa kuwa ramuka duk sun sha ruwa, ba ka sanin zurfinsu sai ƙashin bayanka ya gaya maka. Duk ramin da muka faɗa sai in ga Yaya ya buɗe baki yana neman numfashi. In ce, "Yaya, ya jikin?" Ya ce, "Da sauƙi."

Haka aka rene mu. Mahaifiyarmu Bafulatana ce daga wajen Gadau, a wurinta namijin da ya yi nishi a gaban mutane ya gama zubar da gidansu.

A Wudil muka tsaya. Masu soyayyen kifi suka yanyame motar, tsadarsa sai ka ce ba ga kogin nan a bayansu ba. Yaya ya miƙa hannu, matarsa Hajiya ta ce likita ya hana gishiri. Ya sha shayi da burodi yana hararata, ni kuwa na ci kifina. Mun ratsa Kano cikin hayaƙin 'yan acaɓa, la'asar ta yi mana a masauki, gidan wani ɗan garinmu.

Washegari muka sami layi a asibiti, mutane daga ko'ina, har da yara masu shuɗin leɓe. Da aka kira mu Hajiya ta miƙe, Yaya ya ce, "Ke zauna, maganar maza ce." Ni kuma, don ƙarin wauta, na ba ta jakata ta riƙe mini.

A ciki akwai wani tsohon Bature da wani matashin likita Bahaushe, wato ko Turancin nawa ba a buƙata. Suka ɗauki hoton zuciyar, sannan matashin ya fara tambaya. "Alhaji, in ka yi tafiya numfashi yana yanke maka?" Yaya ya ce a'a, alhamdu lillahi. "Kana barci sosai?" Lafiya lau. "Tari fa?" Da sauƙi. Suka ce ya taka zuwa ƙarshen baranda ya dawo. Wallahi ya gyara babbar riga ya tafi kamar mai zuwa Idi.

Na san ba gaskiya ba ne. Amma ƙane ba ya ƙaryata wansa a gaban baƙi. Ina da furfura a gemu, na zauna ina gyaɗa kai kamar ƙadangare.

Likitan ya yi mana bayani dalla-dalla. Ya ce masu wannan aiki sun daɗe suna bin diddigin waɗanda aka yi wa, su wa suka tashi, su wa ba su tashi ba. Abin da suka gano shi ne, wuƙar kanta tana da nata haɗarin, don haka wanda ciwon bai fara takura wa ba gara ya sha magani a sa masa ido. Wanda kuwa numfashi ya fara gagara, jira shi ne ke kashe shi. Ya ce, "Hoto ya nuna ƙofar ta tsuke, amma ba hoto za mu yanka ba, mutum za mu yanka. Tunda Alhaji yana jin ƙarfi, ku dawo baɗi."

Muna fitowa Yaya ya kewaya bayan wani ginshiƙi ya dafa bango, leɓensa ya koma toka. Hajiya ta iso ta ce da ni, "Me suka ce?"

Na ce, "Sai baɗi."

"Ka gaya musu tun azumin bara a zaune yake kwana, jingine da bango?"

Na hau sosa gemu.

"Masallacin ƙofar gida ma da ya daina zuwa, ka faɗa?"

Na ce ai ba a tambaye ni ba.

Ta ce, "Kai ɗin da aka biya wa kuɗin mota don ka yi magana? Karɓi jakarka, ɗan boko."

Yaya yana cewa "Ke, dawo nan" da 'yar muryar da ta rage masa, ta wuce layin nan kaf. Nas ta tare ta, ta buɗe jakarta ta zaro wani tsumma. Ashe shi yake tari a ciki, ita take wankewa a ɓoye don kada 'ya'ya su gani. Na jiya ne bai samu wanki ba, duk jini. Nas ta ba ta hanya.

Aka mayar da Yaya ciki, aka kwantar da shi ɗai-ɗai ba matashin kai. Ko minti biyu bai yi ba ya yunƙuro yana kama iska. Tsohon Baturen ya dube ni ya faɗi wata magana, wannan kam Turancina ya ishe ni in gane ba yabo ba ne.

Bayani ya canza. Matashin ya ce zuciyar ta fara gajiya, haɗarin ya fi na wanda ya zo da wuri: ana iya zubar da jini, ɓarin jiki yana iya shanyewa, ƙoda tana iya tsayawa, yana kuma iya ƙin farkawa. Ba su yi mana alkawarin komai ba. Yaya ya ce rai na Allah ne. Likita ya ce, "Haka ne, Alhaji, amma kai za ka sa hannu a takarda." Ya dangwala. Yini guda bai yi wa Hajiya magana ba, wai ta tona masa asiri a gaban Bature.

Rana ta huɗu aka shiga da shi tun hantsi, ba a fito ba sai bayan la'asar. Ni da Hajiya muna kan benci ɗaya muna jira. Bayan kwana biyu aka cire masa bututun maƙogwaro. Likita ya sunkuya ya ce, "Alhaji, ya jiki?" Mutumin da aka tsaga ƙirjinsa aka ɗaure da waya ya buɗe ido ya ce, "Da sauƙi." Likitan ko rubutawa bai yi ba, ya juya wajen Hajiya.

Sun ce za su riƙa bibiyarsa shekara da shekaru, da gwajin jini a kai a kai, don abin da ya same shi ya amfani na baya. A takardar bibiyar akwai gurbin wanda za a riƙa tambaya. Da farko sunana ne a wurin. A gabana aka soke aka rubuta nata.

Na baro su can na kamo hanya ni kaɗai. Ruwa ya tare mu a Shuwarin, motar tana yoyo daidai kaina har Azare. Abin da na koyo ba shi da yawa. Likita ba boka ba ne, da abin da ka faɗa masa yake auna ko ya yanka ko ya jira. In za ku kai babba asibiti, ku shiga da wadda take wanke masa tsumma, ku bar ɗan boko a waje da jaka.

Duk hanya ina rantsuwa cewa duk wanda ya tambaye ni zan faɗa masa gaskiya: har yanzu akwai zazzaɓi, likitoci ba su ce ya tsallake ba. Ina sauka a ƙofar gida liman ya taso daga kan tabarma ya ce, "Sannu da hanya. Ya mai jiki?"

Na ce, "Da sauƙi."