Goggo Mai Tafireta da Takardar Direba

Ƙarfe takwas saura kwata take buɗe shagon, wani ɗan tsukuku a jikin bangon gidan waya, kujera biyu da benci ɗaya. Sai ta yaye ƙyallen da ke kan na'ura, ta goge tabarau da gefen mayafi, ta jawo ƙamus ɗinta da bangonsa ya daɗe da ɓallewa. Ita tafiretar ta yi ritaya tuntuni, kwamfuta ta gaje ta, amma sunan ya ƙi tashi, har yau Goggo Mai Tafireta ake ce mata. Shekara talatin da huɗu ke nan tana buga wa mutane takardun Turanci, na neman aiki, na koke, na amsa tuhuma. Ƙarshen watan nan za ta rufe, idanu sun ce sun gaji.

Masu gaggawa ba sa shiri da ita, ita kuwa ko a jikinta. Goggo ba ta buga takarda sai ta karanta maka ita da Hausa, ba yadda ka nufa ba, yadda wanda za a kai wa zai ji ta. Har murya take canzawa. Mutum nawa suka shigo suna hura hanci da rubutunsu, suka ji shi a bakinta, kunya ta rufe su.

Direban motar wata makaranta shaida ne. Wata safiya, yana ɗauke da ɗalibai, ya tarar da wani mai babur kwance a titi jina-jina, mutane sun yi cirko-cirko suna kallo. Ya ɗauke shi ya kai asibiti, yaran suka makara awa guda, kuma ranar jarrabawa ce. Aka dakatar da shi, aka ba shi kwana biyu ya rubuto dalilin da zai hana a sallame shi. 'Ya'ya biyar gare shi, tuƙin nan kaɗai ya iya. Surukinsa mai digiri ya rubuta masa shafi biyu, ya cika su da kalmomi masu ƙiba, shi kuma ya kawo wa Goggo ta buga.

Goggo ta gyara zama, ta ɗaure fuska, ta karanta: "Ni direba, na umarce ku da ku mayar da ni bakin aiki, ba shawara nake ba ku ba."

"Subhanallahi! Goggo, ni na faɗi haka?"

"Takardarka ta faɗa, ɗana. Surukinka ya sa 'demand'. Wanda ya ci kwalar rigarka ne ke faɗin wannan. Mai nema cikin ladabi 'request' yake cewa. A ƙamus maƙwabta ne, amma ba halinsu ɗaya ba."

Haka suka bi takardar suna rage mata ƙiba, har suka zo layin ƙarshe, inda Goggo ta ce a sa 'apologise'. Ya tambayi ma'anarta. Ta ce, "Na yi laifi, a yafe mini."

Direba ya cire hula ya ɗora a gwiwa. Tsoro ne fal a ransa, amma bakinsa ya ƙi.

"Goggo, wallahi ina son aikin nan. Amma in na rubuta cewa ɗaukar bawan Allahn nan laifi ne, da wane ido zan kalli 'ya'yana? Gobe ma in na gani sai na ɗauka."

Wani a kan benci ya ce, "Malam, ka sa hannu kawai, muna da abin yi."

Goggo ko kallonsa ba ta yi ba. Ta janye hannu daga na'ura, ta ce, "Makarar yaran ta dame ka?"

"Sosai ma. Ranar ko abinci ban iya ci ba."

"To akwai taka kalmar, 'regret'. Cewa take abin ya yi maka ciwo, ba ta ce kai mai laifi ba ne. Mu ɗora ta a kan makarar yaran. Batun mai babur kuwa mu faɗe shi yadda ya faru, ba ƙari ba ragi."

Layi bakwai ta buga. Da ta karanta masa, sai ya gyaɗa kai kawai, ya sa hannu.

Goggo, ke ce mai auna kalma kafin ki sake ta. Ke ce ba ki taɓa gajiya da wanda bai ji Turanci ba, ba ki kuma taɓa cusa masa maganar da ba tasa ba. Muna baƙin cikin rufe shagon nan, kuma mun gode, Allah ya saka miki, ya ba idanun lafiya. Ku kuma samari masu kwamfuta a kowace kwana, saurinku ya yi, amma ku riƙa ɗaga kai ku tambayi mai takarda abin da yake nufi.

Direba dai yana nan yana tuƙa motarsa, yau shekara shida. Da ya ji za ta rufe, sai ya faka a gefen titi ya shigo ya durƙusa a gabanta, ya dubi mutanen da ke kan benci.

"Ku shaida," in ji shi. "Matar nan ta mayar mini da aikina, kuma ba ta sa na yi ƙarya ba."