Huda ta Uku

A shekarun tsuke bakin aljihu sikelin kanti ya gagari kowa, sai na ƙera nawa a maƙerata da ke Kabo. Sifirin na tsohon babur na samu, murɗaɗɗen ƙarfen nan mai miƙewa ya koma, na rataya masa ƙugiya, na sa allura mai nuna nauyi. Ban yi masa walda ba, don wuta na kashe sifirin, ya dinga ƙarya. Da ƙusa biyu na ɗaure shi a jikin farantin ƙarfe. A na farkon hannuna ya goce, na huda inda bai dace ba, na bar hudar haka nan na yi wata.

Shi wannan na farkon wani mai walda daga Gwarzo ya saya, wai zai auna gyaɗa, ashe kwaikwayarsa zai sa yaransa su dinga yi. Mutumin da ko ƙota bai iya sa wa fartanya ba.

Da Shari'a ta zo aka matsa wa masu tauye mudu, 'yan hatsi suka yi ca a kan sikelina. Sai ga gogan naka mai walda, ya zama Alhaji, gaban Sarkin Kasuwa, da babbar riga da takarda mai jan hatimi daga Abuja, wai shi ya ƙirƙiro sikelin, in daina ƙerawa. Da wannan sikelin nake ciyar da mutum tara. 

Aka karanta takardar, aka fassara mana: faranti mai huda uku.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a tambayi Alhaji, ta ukun nan aikin me take yi?"

Ya gyara hula, ya yi gyaran murya. "Ai nan ne sirrin. Ta nan ƙarfen yake shan iska."

Maƙeran da ke zaune suka sunkuyar da kai, kafaɗu na rawa. Ni haushi ma ya hana ni dariya. Shekara da shekaru yaransa na zufa suna huda ƙarfe a banza, bai taɓa tambayar kansa dalili ba.

Na ajiye sikelina na yanzu a kan tabarma. Sarkin Kasuwa ya juya shi, ya sa yatsa ya ƙirga.

"Alhaji, wannan huda biyu ce. Takardarka uku ta ce."

"To ni me na mallaka ke nan?"

Na ce, "Gocewar hannuna, Alhaji. Na bar maka ita halak malak, ba sai ka je Abuja ba."