Ƙattan da Ke Tare wa Maharbi

A gidanmu na unguwar Thamesmead a Landan babu murhu, sai wata tsohuwar hita mai jan ƙarfe biyu, a gabanta Kaka take tara mu da yamma. Mahaifiyar Baba ce, an kawo ta daga Kano jinyar ido, ta zauna da mu. Baba direban bas ne, kuma ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kama sunansa ba, balle ta yabe shi a gaban mutane. Sai dai ta ce "wancan".

Ni a lokacin na haukace a kan wani gwarzon ƙwallon Amurka, shi ne mai jefa ƙwallo a ƙungiyarsa. Ya ci kofi har an gaji da ƙirgawa, sa'anninsa duk sun ajiye wasa, shi yana nan daram. Hotonsa ne a bangon ɗakina. Hoton Baba da rigar aiki kuwa na cusa shi ƙarƙashin gado, a makaranta ma na ce ubana ɗan kasuwa ne. Ƙanwata Zainab, uwar tsegumi, ta kai wa Kaka rahoto.

Ran Lahadi Kaka ta kalli wasan tare da ni, tana ta tsaki. Da aka tashi ta sa na kashe talabijin.

"Ga ta nan, ga ta nanku, 'yan Landan masu kunnen ƙashi."

"Let it come, Kaka," in ji Zainab.

"Ta zo mu ji ta ake cewa, ja'ira."

Wai an yi wani maharbi da bai taɓa kuskure ba. Amma ba ya iya saita hannu sai ƙatti biyar sun tsaya a gabansa suna tare masa namun daji. Su ake tunkuyi, su ake tattakewa, shi ya koma gida da farar rigarsa fes. Gari ya yi ta masa kirari, su ko sannu babu. Ranar da gwiwar babbansu ta ƙi, ya kasa fita, maharbi na ɗaga hannu ɓauna ta yi sama da shi.

"But he's the greatest, Kaka," na ce. "Kowa ya sani."

"Na ji. Faɗa mini sunan mutum ɗaya cikin biyar ɗin da suka sha duka saboda shi yau."

Ta nuna ni da yatsa, ta ci gaba.

"Kai da ka san har abin da gwarzon naka yake karya kumallo da shi! Wancan yana fita tun asuba, gwiwa a kumbure, don kai ka samu hannun jifa. Ni kunya ta hana ni kiran sunansa. Kai me ya hana ka?"

Haushi na ji, wallahi. Na tashi na bugo ƙofa, hoton Baba kuma bai fito daga ƙarƙashin gado ba.

Kaka ta riga mu gidan gaskiya kafin gwarzon ya ajiye wasa. Da ya ajiye, duniya ta ɗauka, aka yi kwanaki ana zuba masa yabo. Ba a jima ba Baba ma ya yi ritaya. Abin da aka haɗa masa a garejin bas, kati ne da kek. Wannan rainin har yau yana ƙona mini rai, amma na fi jin haushin kaina, domin ya gayyace ni, na ce ina da taro a ofis.

Zainab ce ta je. Ta ce direbobin sun yi ta tambayar ina Kabiru injiniya, wato ni, wanda Baba ya cika musu kunne da labarinsa shekara da shekaru. Babu wanda bai san sunana ba a cikinsu.